Idan Za a Rufe Manhaja, a Faɗa wa Mutane Gaskiya

Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu kan abin da ya kamata kamfani ya yi idan zai rufe manhajarsa sun kafa hujja ne da Stadia, dandalin wasannin bidiyo na Google. A Yulin 2022 kamfanin ya ƙaryata jita-jitar rufewa, ranar 29 ga Satumba sai ga sanarwa, 18 ga Janairun 2023 aka rufe. Shawararsu ita ce, muddin shugabanni na tunanin rufewa, kada a bar ma'aikata suna rantse wa jama'a cewa lafiya lau. A faɗi ranar ƙarshe ƙarara, a ba mutane lokacin kwashe bayanansu, masu haɗa wasanni kuma kada su ji a bakin 'yan jarida. Kuɗin sayayya da Google ya mayar kam, an yaba, ni ma na yaba.