Kwalin abinci mai naɗewa: yaya za a tsara shi zafi ya ratsa ko'ina a mikro'ond?

Mai Dambu, Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Ina sana'ar dafa abinci a nan Damagaram, kuma akasarin masu saye a wurina ma'aikatan buro ne waɗanda suke karɓar abincin da safe, su ɗumama shi da azahar a mikro'ond ɗin wurin aikinsu. Robobin da nake zubawa a ciki suna cinye mini ɗaki, kuɗin ɗauko su daga Kano kuma ya yi yawa, shi ya sa na yi shawarar komawa ga kwali wanda zai zo a shimfiɗe, a naɗa shi lokacin zuba abinci. Na sa an yanka mini samfuri mai kusurwa huɗu, zurfinsa santimita 7, amma da muka gwada da shinkafa da wake, sai kusurwoyin suka bushe ƙayau, tsakiya kuwa da sanyinta. Shin laifin kwalin ne ko na na'urar, kuma wane fasali ya kamata in nema?

Malamin Kimiyya, Birni:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Mafi yawan laifin na fasalin kwalin ne, domin an yi shi yadda zai yi daɗin jerawa, ba yadda na'urar take aiki ba. Mikro'ond yana fitar da igiyoyi marasa ganuwa irin na rediyo, masu kaɗawa kimanin sau biliyan 2.45 a daƙiƙa, tsawon kowace wajen santimita 12, kuma yayin da suke karo da bangon ƙarfen ciki suna dawowa, sai a samu wuraren zafi da tazararsu ta kai wajen santimita 6, tsakaninsu kuma wurare masu rauni. Dalilin faifan gilashi mai juyawa ke nan. Saboda haka kada tsawon kwalinki daga kusurwa zuwa kusurwa ya wuce faɗin faifan, wanda a ƙananan na'urori wajen santimita 25 ne, domin idan kwali ya tokari bango ya daina juyawa, an yi aikin banza.

Abu na biyu ya fi muhimmanci. Igiyoyin ba sa ratsa abinci mai ruwa fiye da santimita 1 zuwa 2 da ƙarfinsu, sauran tafiyar kuwa zafi ne yake rarrafawa a hankali daga waje zuwa ciki, kamar yadda yake yi a tukunya. Idan miya ta ji gishiri da magi, ratsawar tana ƙara raguwa. Abincin da ke kusurwa yana shan igiyoyi ta sama da ta gefe biyu a lokaci guda, na tsakiya kuwa yana jiran abin da ya rage. Da za ki bi shawarata, ki rage zurfin abincin zuwa santimita 3 ko 4, ki ƙara faɗi, ki bar kusurwa huɗu ki koma takwas, inda kowace kusurwa za ta buɗe zuwa digiri 135 maimakon 90. Fasalin da ya fi kowanne shi ne na gammo, wato zobe mai rami a tsakiya, tunda wurin da ke ƙin yin zafi an cire shi gaba ɗaya.

Mai Injin Yanka Kwali, Zango:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina da ja a kan gammon. Fitar da tudu a tsakiyar kwali daga falle ɗaya yana bukatar yanka, duk inda aka yanka kuwa nan miya za ta bi, sannan sai an nemi gam mai jure zafi. Kusurwa takwas tana yiwuwa ba tare da yanka ba, idan aka yi wa kowace kusurwa ninki irin wanda ake tura rarar takarda waje a kwantar da ita a jikin bango, yadda gindin da bangon za su kasance falle ɗaya, babu mahaɗa. Ramin tsakiya kuwa, Hajiya, ludayinki ya isa ya yi shi: ki tura shinkafar gefe, ki bar tsakiya a buɗe ko ki zuba miyar a nan.

Kada ki yarda a ɗinke miki shi da ƙusar takarda ko a sa marikin waya, domin siririn ƙarfe yana tartsatsi a mikro'ond. Harshen kwali mai shiga tsaga ya wadatar. Ki tambayi mai sayarwa abin da aka shafe cikin kwalin da shi. Shafin robar da ake kira foliyetilin na gama-gari yana narkewa da zafi ya ɗara digiri 100 kaɗan, man gyada ko manja da ke saman miya kuwa suna iya wuce haka, alhali robar folifurofilin, wadda ake yi wa lamba 5, ba ta narkewa sai wajen digiri 160. Tsohon kwalin da aka sake sarrafawa, mai tawada a jiki, bai dace ya taɓa abinci mai zafi ba. A murfi kuma ki bar ƙananan huji biyu ko uku, domin tururin da ya tsaya a ciki yana taimaka wa shinkafa ta yi laushi, amma idan ba shi da mafita zai ɓalle ninkin.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Yaya, ni abin da ya dame ni shi ne sa'o'in da ke tsakanin safe da azahar, musamman a watan Afrilu da zafin garin nan yake haura digiri 40. Dafaffiyar shinkafa idan ta daɗe a waje tana iya tara gubar wata ƙwayar cuta wadda ɗumamawa ba ta kashe ta, saboda haka ki buga a jikin murfin cewa a sa a firigo, a motsa abincin idan an kai rabin lokaci, a kuma bar shi a rufe minti 2 bayan na'urar ta tsaya. Wajen gwaji kada ki dogara da yatsa. Ki nemi ma'aunin zafin abinci ki soka a tsakiya da gefuna, ko'ina ya kai digiri 75.

Mai Dambu, Sabon Gari:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, wani ya ba ni shawarar irin takarda mai launin toka da ke cikin jakar gugguru ta mikro'ond, wai tana raba zafi. Shin in sa a lissafi?

Malamin Kimiyya, Birni:

Kada ki kashe kuɗinki a kanta, Hajiya. Wannan takarda tana ɗauke da shafin alminiyam siriri ƙwarai, aikinta kuma ta yi zafi sosai ta gasa abin da ya taɓa ta, don haka ta dace da gugguru ko abin da ake so ya yi ƙamas, amma shinkafa da dambu ƙona musu gindi za ta yi. Na karɓi gyaran mai injin game da ludayi. Kafin ki ba da odar ƙarfen da injin zai riƙa yanka kwalin da shi, ki sa a yanka miki samfuri uku da hannu, masu zurfin santimita 3 da 4 da 5, ki zuba awo ɗaya a kowanne daga firigo, ki gwada su a ƙaramar na'ura da babba, sannan ki kawo mana alƙaluman a nan mu duba tare.