Kilomita 300 kacal amma tikiti ya ce awa 1 da minti 10, ta yaya?

Matafiyi22:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar jirgin sama ku fitar da ni daga duhu. Zan tashi daga wani ƙaramin filin jirgi zuwa wani ƙaramin, na duba taswira tsakaninsu bai wuce kilomita 300 ba, jirgin kuma ATR 72 ne mai farfela, ance yana gudun wajen kilomita 500 a awa. A lissafina minti 36 ya isa, amma a tikiti an rubuta awa 1 da minti 10. Ina sauran lokacin ya shiga? Kawuna ne zai zo tarbata kuma dattijo ne, bana so in barshi yana ta zaman jira.

Baban_Hanif:
Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Lissafinka ba laifi, sai dai ka ɗauka tun daga tashi har sauka 500 ɗin yake yi. Lokacin da ke kan tikiti ana fara ƙirga shi ne daga sanda jirgi ya motsa daga inda yake fake har ya je can ya tsaya cak, kaga har da tafiyar da yake yi a ƙasa zuwa titin tashi da jiran izini daga hasumiya. Sannan yayin hawa sama baya kai cikakken gudunsa, kuma a gajeriyar tafiya irin taka yana gama hawa ba jimawa zai fara gangarowa. Matuƙa suna ware kusan mil 3 na teku (wajen kilomita 5 da rabi) ga kowace ƙafa 1,000 da za su sauko, to in yana ƙafa 18,000 tun saura wajen kilomita 100 zakaji ƙarar injin ta lafa, hancin jirgin ya ɗan sunkuya. Kashi ɗaya cikin uku na hanyarka kenan ya tafi a saukowa.

Hajiya_Mai_Tafiya:
Ƙari akan bayanin Malam, kar ka manta da iska. Jirgi yana fuskantar iska ne in zai tashi ko zai sauka, wani lokacin sai kun wuce filin kuna hango shi ta taga sannan ya kewayo ya sauka ta ɗaya ɓangaren. Shiyasa zuwa da dawowa ba lallai su zo daidai ba. Kuma ka duba da kyau ko 300 ɗin kilomita ne, don masu harkar jirgi da mil na teku suke awo, guda ɗaya kilomita 1.852 ne.

Injiniya_Sama:
Kun tuna min da gajeriyar tafiyar jirgi daga Westray zuwa Papa Westray a tsibiran Orkney na Sikotlan, kilomita 2.7 ne kawai tsakaninsu, kamfanin Loganair ke jigila da ɗan ƙaramin jirgi Islander, tafiyar bata cika kai minti 2 ba, an taɓa yinta a daƙiƙa 53. Wallahi ina son in hau shi ko sau ɗaya ne. Kai dai naka, kamfanoni sukan ƙara ƴan mintuna a jadawali saboda tsaiko, zai iya yiwuwa ku riga lokacin sauka.

Matafiyi22:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Hajiya na sake dubawa, kilomita ne. Zan cewa Kawu ya iso daidai lokacin da ke kan tikitin, in mun riga shi ni sai in jira shi, dama jaka ɗaya ce a hannuna.