Musayar Waƙa: Wa Ya Fitar da Zaman Natsuwa Daga Gidan Sufayen Buda?

Mai Alƙalami:

Jama'a, batun makon nan tarihin addinin Buda ne a ƙarni biyun da suka wuce. Kowa ya amsa da baiti, kuma kada a kawo shekarar da ba a tabbatar ba.

Da sunan Allah na fara, shi ya san ƙarshen tafiya,
Tarihi za mu bi yau, ba wa'azi ba, 'yan'uwa ku jiya.
Addinin Buda ya tsufa, can ya tsiro a ƙasar Indiya,
Ya yi rassa a Sin da Japan, Tibet da Bama, ya cika Asiya.
Amma zaman natsuwar nan, na bin numfashi ɗaya-ɗaya,
Da can aikin sufaye ne ƙalilan, a daji ko a tsangaya.
Talaka nasa sadaka ce, ya zuba wa sufi shinkafa a ƙwarya,
Ya riƙe dokoki biyar, ya jira sakamako daga baya.
To yaya aka yi yau likita a Amurka ke rubuta shi kamar ƙwaya?

Tsohon Malami:

Malam, amsar tana Bama, Myanmar ta yau, kuma tsoro ne ya soma haifarwa.
Sarki Mindon na Mandale, rabin ƙasarsa na hannun Turawa,
Ya sa aka sassaƙa nassin addinin na harshen Pali a marmara, inda gara ba ta taɓawa,
Allo 729, kowanne da ɗan ɗakinsa, suna Kuthodaw har yau ana kewayawa.
A 1871 ya tara sufaye 2,400, suka bi nassin da karatu da tacewa.
A 1885 Ingila ta haɗiye sauran ƙasar ba tsayawa,
Aka sa Sarki Thibaw a jirgi zuwa Indiya, tafiyar da babu dawowa.
Ga inda gizo ke saƙa: sarki ne uban sufaye, shi ke naɗi, shi ke ciyarwa,
In sufi ya karya doka, da ƙarfin fada ake tuɓewa.
Bature ya ce ba ruwansa da addini, garke ya wayi gari ba mai tsarewa.
Sai sufi Ledi Sayadaw ya ce tunda ba sarki, gadi ya koma kan talakawa.
Ilmin da sufi ke shekaru a kansa, ya mai da shi waƙa mai sauƙin haddacewa,
Injin ɗab'i ya buga, ƙungiyoyin karatu suka bazu, har mata suna zuwa.
Ya kuma sassauta sharaɗi: ba sai ka nutse can ƙasan natsuwa ba kafin farawa,
'Yar natsuwa ta ɗan lokaci ta isa ka soma duban jiki yana canzawa.
Ya rasu a 1923, ya bar Saya Thetgyi yana koyarwa,
Manomi mai mata da gona, ba rigar sufaye. Nan ƙofar ta soma buɗewa.

'Yar Makaranta:

Baba, ka tsallake Silon, Siri Lanka ta yau, can ma wuta ta riga ta fara,
A 1873 aka yi zaman gardama a garin Panadura.
Sufi Gunananda da fasto David de Silva suka yi muhawara,
Yini biyu ana kai da komo, dubban mutane na saurara.
Labarin ya fito da Turanci, Kanar Olcott ya karanta a Amurka ya yanke shawara,
A 1880 ya sauka Galle shi da abokiyar aikinsa Blavatsky, suka karɓi dokokin a jera:
Kar kisa, kar sata, kar lalata, kar ƙarya, kar abin da ke gusar da basira.
Sai ya ari makaman mishan ya juya musu: makarantun boko na yara,
Littafin tambaya da amsa a 1881, sai tuta da aka ɗaga a 1885 bayan an tsara,
Shuɗi, rawaya, ja, fari, ruwan goro, a layi na shida duka biyar aka tara.
Daga gidan nan Dharmapala ya fito, a 1891 ya kafa ƙungiyar Maha Bodhi ya shiga takara,
Don ƙwato haikalin Bodh Gaya na Indiya, a 1893 kuma ya je Shikago taron addinai ya ƙara.
Aibin wannan gyara shi ne, addinin littafi aka ba Bature ya lura,
Furanni da turare da ziyarar da ƙauye ke yi, aka ce camfi ne, a share a gyara.

Na Damagaram:

Hajiya ta yi gaskiya, amma Silon tuta ta bayar, Bama ce ta ba da yadda ake zaman. Bari in warware muku shi filla-filla.

Thetgyi ya koyar da U Ba Khin, babban akantan gwamnatin Bama mai suna,
Shi kuma ya koyar da Goenka, ɗan kasuwar da ciwon kai ya hana shi kwana.
A 1969 Goenka ya koma Indiya, a 1976 cibiyar Igatpuri ta zauna.
Tsarin kwana goma ne cur, ba waya, ba littafi, ba alƙalami, ba magana,
Maza a gefe, mata a gefe, ko ido ba a haɗawa balle a gana.
Ƙararrawa ƙarfe 4 na asuba, 4:30 kowa ya hau matashinsa ya zauna,
Wajen awa goma a yini, 9:30 na dare a kashe fitila a kwana.
Kwana uku na farko, tsakanin hanci da leɓen sama kaɗai ake auna,
Iska ta shiga, iska ta fita, ba ƙirga, ba ja da ƙarfi, ba ambaton wani suna.
Rana ta huɗu sai a soma daga tsakar ka zuwa yatsun ƙafa, a tuna,
Gaɓa-gaɓa ake bi: nan ƙaiƙayi, nan sanyi, nan nauyi, nan ƙuna.
Ba a sosawa, ba a riƙewa, a dube shi ya zo ya wuce kamar inuwar rana.
Daga nan sau uku a yini, awa guda ba motsa hannu ko ƙafa, ko gwiwa na ƙuna.
Abinci ba nama, kumallo 6:30, babban ci ƙarfe 11 na rana,
Da yamma sabon shiga na da shayi da 'ya'yan itace, tsohon ɗalibi sha kaɗai zai yi ya kwana.
Rana ta goma a yi wa duk mai rai fatan alheri, sannan a buɗe baki a yi magana.
Ba a karɓar ko sisi, sai wanda ya kammala ya bayar don na bayansa su zauna.
Inda ake faɗuwa: wani ya ji daɗi ya ratsa shi, gobe ya zo farautar daɗin da ya tuna,
Ya koma kwaɗayin da aka ce ya saki, ga shi a zaune yana ƙuna.
Mai ciwon ƙwaƙwalwa kuwa, shirun na iya tayar masa da abin da ya kwana,
Shi ya sa takardar shiga ke tambayar lafiyarsa da magungunansa suna-suna.

Tsohon Malami:

Ƙanena, ƙara wannan: Mahasi Sayadaw bai tsaya a hanci ba wajen numfashi,
Ciki yake sa a bi, in ya kumbura ka ce a zuci "tashi",
In ya lafa ka ce "sauka", tunani ya zo ka kira sunansa ka bar shi.
Awa guda a zaune, awa guda tafiya: ɗaga, miƙa, ajiye, kamar mai ciwon ƙashi.
Firayim Minista U Nu ya gayyato shi Rangun a 1949, ya tsaya bayan shi.
Kuskuren sabon shiga, ya riƙe kalmar ya manta motsin, ya tashi da bashi.

Mai Alƙalami:

Madalla, yanzu na ga hanyar da ta kai shi asibiti.
Goldstein da Salzberg da Kornfield sun yi karatu a Asiya, suka dawo da shi a akwati,
A 1975 suka kafa cibiya a Barre ta Amurka, tsohon gidan 'yan Katolika a bakin titi.
A 1979 Jon Kabat-Zinn ya karɓi masu ciwon da ya ƙi jin magani, likitoci suka turo da kati,
Tsarinsa sati takwas, haɗuwa sau ɗaya a sati,
Awa biyu da rabi a aji, a gida kullum sai an cika 45 na minti.
Darasin farko zabibi ne guda, a ɗauka daga faranti,
A duba tamojinsa, a shinshina, a ɗora a harshe, ba tauna sai an ja minti.
Sannan a kwanta a bi jiki daga yatsan ƙafar hagu zuwa ka: na U Ba Khin ne da sabon fenti.
Amma kaya sun zube a hanya. Dokoki biyar da sake haihuwa, ba a bar ko baiti,
Sadaka ta koma kuɗin rajista, ba ka shiga sai da tikiti.
Abin da aka ƙera don yanke kwaɗayi, yau kamfani ke ba yaransa don su ƙara ciniki a kanti.

'Yar Makaranta:

Yaya, kun bi Turawa kun manta Nagpur, inda ba numfashi ake nema ba, mutunci.
Ambedkar ne ya shugabanci rubuta tsarin mulkin Indiya bayan 'yanci,
An haife shi cikin Mahar, waɗanda ko rijiya ba a bari su taɓa don ƙasƙanci.
A 1935 a Yeola ya ce ba zai mutu Bahindu ba, ya yi shekara 21 yana auna addinai da adalci.
Ranar 14 ga Oktoban 1956 ya karɓa daga sufi Chandramani, ya juyo ya yi wa dubban ɗaruruwa jagoranci.
Alkawari 22 ya ɗora musu: ba bautar allolin da, ba kiran Barahmi ya yi limanci,
Dukan mutane ɗaya ne, an daina wannan bambanci.
Sai ya rasu 6 ga Disamba, ko wata biyu ba a yi ba, aka bar taro ba malamai ba shugabanci.
Wanda ya sauya addini kuma ya rasa gurbin da gwamnatin tarayya ta ware wa danginsa, sai 1990 aka cire wannan zalunci.

Na Damagaram:

Numfashi na tafiya ba biza, sufi kuwa yana ɗauke da 227 na doka,
Ba ya taɓa kuɗi, ba ya haƙa ƙasa, ba ya ajiye abinci ya kwana a ɗaka,
Sai an miƙa masa da hannu kafin tsakar rana, in ta wuce sai gobe in ya farka.
To kai shi inda ba wanda ya san ƙoƙon bara, wa zai zuba masa sadaka?
Sufi Bature Ananda Metteyya ya gwada Landan a 1908, wata shida ya koma Bama haka.
A 1977 Ajahn Sumedho da 'yan'uwansa, almajiran Ajahn Chah na Tailan, suka sauka,
Kullum su fita Hampstead da ƙoƙo, su dawo ba a zuba ba, gobe su sake ɗauka.
A yawon nan suka gamu da mai gudun motsa jiki, ya ba su dajinsa duka,
A kusa da shi gidan Chithurst ya tsaya a 1979, iri ya kama inda aka shuka.
Dabarar ita ce mai farar riga, mai dokoki takwas, shi ke riƙe kuɗi, ya ja mota, ya girka.
Naɗa sabon sufi sai da sufaye biyar a nesa da gida, da iyakar da aka keɓe aka taka,
Shi kuma ya cika shekara 20, ba bashi, da yardar iyaye a baka.
Mata ne ƙullin da ya rage: layinsu mai doka 311 ya yanke tun da can a Siri Lanka,
Da aka naɗa huɗu a Perth ta Ostireliya a 2009, manyan Tailan suka cire Ajahn Brahm, shugaban sufayen can, daga reshensu, igiya ta yanka.

Tsohon Malami:

Jikata, 'yan'uwa, ba wanda ya taɓo Japan, ga ta can tana jira,
Dokar 1872 ta yarda sufi ya yi aure, ya ci nama, ya bar gashi ya tsira.
Yaya haikali ya koma gadon uba da ɗa? Mai baiti ya zo ya ƙara, ni zan tafi masallaci, an yi kira.