Hob ɗin taya ya ƙi fita bayan boris ya ci, ina mafita?

Salamu alaikum, masu sana'a. Boris ɗin tayar gaba ta mota ne ya ci, irin wanda yake haɗe da hob ɗinsa, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa. An sauke birki da faifansa, an zare wayar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki), an kwance babban notin shaf da notuna 4 na baya. Shaf yana motsi, amma hob ko gezau.

Mazaunin da hob ɗin ke ciki na alminiyam ne, hob ɗin kuma ƙarfe, tsatsa ta like su kamar an yi walda. Ya kwana a jiƙe da WD-40, man feshin nan na sassauta tsatsa, guduma kuma sai lanƙwasa bakinsa take yi.

Shin in mayar da biyu daga cikin notunan bayan, in ɗaura su rabi, in riƙa bugun kawunansu daga baya? Ko in ɗan gasa mazaunin da wuta? Tsorona kada zafi ya ƙona robar shaf, ko alminiyam ɗin ya tsage. Ko dole sai an sauke shi gaba ɗaya an kai injin matsa?