Cacar wasannin NBA: akwai dabara ne ko sa'a ce zalla?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san ƙwallon kwando na NBA ciki da bai. Sai mutum ya zaɓi ƙungiya mai ƙarfi, ta kuma ci wasan, amma a ce kuɗinsa ya tafi wai tazarar maki ba ta kai ba. Ga tikitin wasa biyar ko shida, kullum wasa ɗaya ne ke yanke shi. Akwai wata dabara ta gaske? Kuma nawa ya kamata a riƙa zubawa a kan wasa guda?

Mai-Lissafi:
Wa alaikumus salam. Hukuncin caca a addini sananne ne, ba sai na maimaita ba, lissafin kawai zan warware maka.

A cacar tazarar maki ta mafi yawan wasannin NBA, kamfanin caca kan ba kowane ɓangare od (adadin da ake ninka kuɗinka da shi idan ka ci) na 1.91, wato abin da Amurkawa ke rubutawa -110: ka sa dala 110 don ka ci 100. Ɗauka ka yi caca sau 100, kowacce dala 100, ka ci 50 ka faɗi 50. Ribarka 4,550, asararka 5,000. Ka canki rabi daidai amma 450 ta tafi. Kafin ma ka mayar da uwar kuɗinka sai ka ci kashi 52.4 cikin ɗari, kuma riƙe wannan a kan ɗaruruwan wasanni ba ƙaramin aiki ba ne.

Tikitin haɗe-haɗe ya fi muni. Wasa biyar masu od 1.91 za su ba ka kusan 25.4. To amma idan kowane wasa raba-daidai ne, damar su shiga duka ɗaya ce cikin 32. Ana biyanka 25 a kan abin da ya kamata a biya ka 32. Kason kamfani a wasa guda kusan kashi 4.5 ne, a wasa biyar ya haura kashi 20. Don haka ba wasa ɗaya ne ke cin amanarka ba, ɗan'uwa, haka aka gina tikitin tun farko.

Ɗan Kwando:
Batun tazarar maki shi ne handikaf. Idan an rubuta -7.5, sai ƙungiyarka ta ci da maki 8 ko fiye. Abin da ke lalata shi yawanci mintunan ƙarshe ne. Ƙungiya na gaba da 15 saura minti uku, koci ya fitar da manyan 'yan wasansa ya zuba na benci, abokan hamayya su jefa mai maki uku sau biyu, su ƙara ɗaya ta kusa, a tashi da tazarar 7. Su sun yi nasara, ba ruwansu da tikitinka.

Kafin ka taɓa kowane wasa, duba jadawali. Ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, shi ya sa ake yawan samun wasa daren yau da kuma na gobe, wani lokacin a wani gari daban. A dare na biyun ne aka fi hutar da taurari. Idan kuma a Denver za a buga shi, inda tsayin ƙasa ya kai kusan mita 1,600, ƙafafun baƙi kan mutu a zubi na huɗu. Sai rahoton rauni, wanda NBA ke wajabta wa ƙungiyoyi fitarwa ana kuma sabunta shi har dab da wasa. Tauraro ɗaya ya fita, tazarar da kamfani ya sa na iya motsawa da maki da yawa cikin mintuna. Wanda ya sa kuɗi tun safe a kan ɗan wasan da ke cikin kokwanto ya sayi kaya ne a cikin buhu.

Ga masu caca a kan jimillar makin da ƙungiyoyin biyu za su ci, kada sunayen taurari su ruɗe ku. Ku duba saurin wasan, wato sau nawa ƙwallo ke shiga hannun ƙungiya cikin minti 48, yawanci wajen 100 ne. Ku kuma karanta ƙa'idar kamfanin a kan ƙarin lokaci na minti biyar, don ba kowane irin zaɓi ne ake lissafa shi a ciki ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To idan mutum ya faɗi, ya ninka kuɗin a wasa na gaba don ya maido da asararsa fa?

Tsohon Hannu:
Kul, malam. Ka fara da 1, sai 2, 4, 8, 16, 32, 64. Faɗuwa bakwai a jere ta cinye 127, a na takwas kuma sai ka sa 128, kuma da od na 1.91 ko ka ci ba ka rufe ramin ba. Faɗuwa biyar a jere ma kusan tabbas ce ga wanda ya yi caca sau 200.

Tsarin da ake bi shi ne a ware kuɗin da ɓacewarsa ba zai taɓa cefane ko haya ba, a raba shi kashi 100, a riƙa sa kaso ɗaya, iyaka biyu, a kowane wasa, ko an ci jiya ko an faɗi. A rubuta komai: rana, wasa, od ɗin da aka ɗauka, da od ɗin da aka rufe da shi lokacin fara wasa. Idan bayan wasa 200 od ɗinka bai riƙa fin na rufewa ba, ribar da ka gani sa'a ce.

Zan ɗan saɓa wa Ɗan Kwando. Jadawali da rahoton rauni duk kamfani ya riga ka gani, ya kuma sa su cikin od. Amfaninsu su hana ka kuskuren wauta, ba su ba ka galaba ba. Ka kuma yi hattara da caca a kan makin ɗan wasa guda, musamman na benci. A Afrilun 2024 NBA ta kori Jontay Porter na Toronto Raptors har abada, bayan ta gano ya ba ɗan caca bayanan sirri, ya kuma fice daga wasa da wuri don cacar ta shiga.

Ranar da ka fara cin bashi don ka buga, ko ɓoye asara ga iyalinka, magana ta wuce ta dabara. Kamfanoni masu lasisi da yawa suna da wurin sa iyakar kuɗin da za ka zuba, da kuma na rufe asusunka na wasu watanni ko gaba ɗaya, yana cikin saitin asusun.