Dashen haƙori ko haƙoran roba: abin da likitocin haƙori suka fi jaddadawa

Kafin maganar kuɗi, ƙashin muƙamuƙi ake fara dubawa. Dashe wata 'yar ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom da ake ɗaurawa cikin ƙashi, a bar shi wata 3 zuwa 6 ya haɗe da ƙashin, sannan a ɗora masa kan haƙori. Idan haƙori ya daɗe da fita, ƙashin wurin yakan zaizaye, don haka sai an yi hoto. Wani lokaci sai an ƙara ƙashi tukuna. Shan taba, ciwon suga da ba a shawo kansa ba, da ciwon dasashi su ne suka fi sa dashe ya ƙi kamawa. Ba a yi wa yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba.

Haƙoran roba sun fi araha nesa ba kusa ba, ba tiyata, cikin 'yan makonni an gama. Matsalarsu ita ce ƙashin da ke ƙarƙashinsu yana ci gaba da raguwa, sai su fara sakwarkwacewa, musamman na ƙasa, har su gurje dasashi. Kilishi da goro kam sai haƙuri. A cire haƙoran da dare, a goge, a jiƙa a ruwan sanyi. Ruwan zafi yana lanƙwasa su.

Wanda haƙoransa na ƙasa suka zube duka, dashe 2 kawai su riƙe na roba ya fi yin dashe da yawa dacewa da aljihu.