Sauya Jirgi a Ƙananan Filaye da Manyan Filayen Birane

Shawarwarin matafiya sun haɗu a wuri ɗaya: kada a haɗa jirgin ƙaramin fili da na babban birni a rana ɗaya. A filin Lukla na Nepal, gajimaren da ke taruwa da rana yakan dakatar da zirga-zirga, har fasinja ya kwana biyu yana jira. A babban fili kamar na Dubai kuwa, in jirgi ya wuce ka saboda jinkirin jirginka na farko, wani na tafe, muddin tikiti ɗaya ne ya haɗa jiragen biyu, domin alhakin sake maka jirgi yana kan kamfanin. Ƙananan jirage sukan auna kaya har da fasinja, don haka a rage nauyin jaka, a ɗauki jirgin safe, a bar tazarar kwana ɗaya ko biyu kafin jirgin ƙetare.